Yadda Ake Kwatanta Jerin Sunaye Biyu da Fomulolin Excel da Ƙirƙirarriyar Basira

Duk wanda ya taɓa riƙe sakatarcin ƙungiya, ko ya yi aikin rajista a makaranta ko asibiti, ya san irin ranar da ake ajiye masa jerin sunaye biyu a ce ya fitar da wanda ya biya da wanda bai biya ba. Idan sunayen ashirin ne, ido da biro sun wadatar, amma da zarar sun kai ɗaruruwa sai ido ya fara tsallake layi, a danne haƙƙin wani ba tare da an yi niyya ba. Hanyar da za a bayyana a nan tana aiki a Excel da Google Sheets, kuma tsarinta shi ne a bar wa fomula duk abin da za a iya tabbatarwa harafi da harafi, a kai wa ƙirƙirarriyar basira ragowar da ta gagara, sannan mutumin da ya san jama'ar ya yanke hukunci a kan ragowar.

Domin bayanin ya zauna, mu ɗauka wata ƙungiyar manoma ce za ta raba taki. Shafi na farko an sa masa suna Mambobi, kuma yana ɗauke da lambar jeri a ginshiƙin A, suna a B, lambar waya a C, ƙauye a D. Shafi na biyu sunansa Biya, ma'aji ne ya rubuta shi, tsarinsa ɗaya da na farko sai dai ginshiƙin D nasa kuɗin da aka biya ne. A ce kowane shafi bai wuce layi na 900 ba.

Mataki na farko: a kwafi fayil, a sa lambar jeri

Kafin a taɓa komai, a ajiye kwafin fayil ɗin na asali a wuri daban, a yi aiki a kan na biyu. Haka kuma a tabbatar kowane layi yana da lambar jerinsa wadda ba za ta sauya ba ko da an sake tsara sunayen, kuma ya fi kyau a bambanta shafukan biyu, na mambobi ya zama M1, M2, M3, na biya ya zama B1, B2, B3. Waɗannan lambobi za su yi amfani sosai idan an zo matakin ƙirƙirarriyar basira. Ginshiƙan da aka tarar kuwa ba a gyara su a inda suke. Duk gyara a sabon ginshiƙi ake yinsa a gefe, domin in an samu saɓani a iya komawa a ga abin da aka rubuta tun farko.

Mataki na biyu: tsaftace lambobin waya

Kwamfuta ba ta da uzuri. A wajenta, lambar da aka rubuta da 0803 da wadda aka rubuta da +234803 abubuwa biyu ne mabambanta, kuma Excel kan ƙara dagula lamarin domin idan aka shigar da lamba a matsayin adadi yana zubar da sifirin farko. Tun da lambar wayar Najeriya tana da alƙaluma 11 idan aka haɗa da sifirin, mafita ita ce a cire sarari da ƙaramin layi, a ɗauki alƙaluma goma na ƙarshe, a mayar musu da sifiri. A gidan F2, wato inda ginshiƙin F ya haɗu da layi na 2, na kowane shafi a rubuta:

="0"&RIGHT(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(C2," ",""),"-",""),10)

Daga nan a ja fomular zuwa ƙasa. Amfaninta biyu ne: ta daidaita siffar lambobin, kuma ta mayar da su duka rubutu a shafukan biyu, wanda yake da muhimmanci domin fomulolin bincike ba sa haɗa lambar da take a matsayin rubutu da wadda take a matsayin adadi, ko da a ido iri ɗaya suke. Alamar da ake gane wannan da ita mai sauƙi ce, domin idan ba a sauya tsari ba, rubutu yana jingina da hagun gida, adadi kuma da dama. Ga waɗanda ke aiki a Nijar, inda lambar waya take da alƙaluma takwas bayan +227, sai a sauya 10 zuwa 8 a cire sifirin. Idan kuma Excel ɗinsu na Faransanci ne, sunayen fomulolin sun bambanta, misali COUNTIF ya zama NB.SI, VLOOKUP ya zama RECHERCHEV, kuma ana raba sassan fomula da alamar ; maimakon waƙafi.

Bayan haka a duba abin da fomular ta fitar. Lambar da aka rubuta da alƙalami ɗaya a ɓace, ko gidan da aka bari fanko, fomular ba za ta gyara su ba, sai dai ta fitar da gajeriyar lamba, ko lamba mai alƙaluma 11 da ta fara da 00 ko 04. Fomular =LEN(F2) tana nuna tsawon, kuma duk wanda bai kai 11 ba, ko ya fara da 00 ko 04, a ware shi gefe.

Mataki na uku: tsaftace sunaye

Nan ne aikin yake cin lokaci, kuma nan ne jerin sunayenmu ya fi na wasu wahala. A fara da abin da ba a gani, wato sararin da ya yi yawa a tsakani ko a ƙarshen suna, da wani nau'in sarari mai maƙalewa da ke biyo bayanan da aka kwafo daga intanet ko daga manhajar banki, wanda TRIM, fomular share rarar sarari, kaɗai ba ya cire shi. A gidan E2 a rubuta:

=UPPER(TRIM(SUBSTITUTE(B2,UNICHAR(160)," ")))

Sai haruffa masu ƙugiya. Sakatare ya rubuta Ɗanladi da madanninsa na Hausa, ma'aji ya rubuta Danladi, kwamfuta kuma ta ce ba ta san zancen ba. Don aikin kwatantawa kawai, a mayar da Ɗ zuwa D, Ƙ zuwa K, Ɓ zuwa B, manya da ƙanana, a kuma cire alamar ɗauri da ke cikin sunaye irin su Mu'azu da Sa'idu da Hauwa'u, wadda wani ke rubuta ta a miƙe, wani a lanƙwashe, wani ma ba ya sa ta. Ana yin haka ta hanyar jera SUBSTITUTE cikin SUBSTITUTE kamar yadda aka yi wa lambar waya. Ba cewa ake yi a lalata rubutun suna ba, domin ginshiƙin B yana nan da ƙugiyoyinsa, kuma shi za a buga a takardar ƙarshe.

Laƙabi ma a cire shi: Alhaji, Alh., Hajiya, Malam, Mal., Malama da makamantansu. A lura da cewa idan aka ce a cire "MAL" kawai, fomular za ta gutsure cikin sunaye irin su Jamal da Kamal, saboda haka a cire gajeren laƙabi tare da ɗigonsa, cikakke kuma tare da sararin da ke bayansa, sannan a bi ginshiƙin da ido sau ɗaya.

Mataki na huɗu: neman maimaici a cikin kowane jeri

Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, alhali shi ne yake nuna ko abin da za a dogara da shi wajen haɗawa abin dogaro ne. A gidan G2 na kowane shafi a rubuta:

=COUNTIF($F$2:$F$900,F2)

Duk inda amsar ta wuce 1, lambar ta bayyana fiye da sau ɗaya. Alamar $ kuwa ita ce ke ɗaure iyakar binciken kada ta zame ƙasa yayin da ake jan fomular, kuma mantawa da ita na daga cikin kurakuran da suka fi yawa.

Maimaici ba kullum yake nufin kuskure ba. A ƙauye abu ne sananne maigida ya bayar da lambarsa a madadin matansa biyu da babban ɗansa, don haka lamba ɗaya tana iya zama ta mutum huɗu. A shafin Biya kuma mutum ɗaya yana iya bayyana sau biyu saboda ya biya kashi-kashi. Idan lambobin da aka yi tarayya a kansu suna da yawa, a haɗa lambar waya da sunan farko su zama mabuɗi ɗaya a ginshiƙin H:

=F2&"|"&LEFT(E2,FIND(" ",E2&" ")-1)

Inda ake da lambar da ta keɓanta ga mutum ɗaya, kamar lambar zama mamba, lambar ɗalibi, ko NIN mai alƙaluma 11, ita ce ta fi cancanta a yi amfani da ita, kuma ba a komawa ga suna sai an rasa duk waɗannan. Akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani: Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 na adadi, duk abin da ya biyo baya sifiri yake mayar da shi, kuma COUNTIF yana ɗaukar doguwar lamba a matsayin adadi ko da an ajiye ta a matsayin rubutu. Don haka idan mabuɗin doguwar lambar shaidar tura kuɗi ce, a ajiye ta a matsayin rubutu tun wajen shigarwa, a ƙirga ta da =SUMPRODUCT(--($F$2:$F$900=F2)).

Mataki na biyar: haɗa jerin biyu

Yanzu a koma shafin Mambobi, a tambayi kowane layi ko yana da abokin tafiya a shafin Biya. Ga mai Excel 2021 ko Microsoft 365 ko Google Sheets, XLOOKUP ya fi sauƙi, domin yana neman daidaito cikakke ba tare da an umurce shi ba. A gidan I2:

=XLOOKUP(H2,Biya!$H$2:$H$900,Biya!$A$2:$A$900,"Babu")

Amsar ita ce lambar jerin layin da ya dace, misali B47, ko kalmar Babu. Wanda tsohon Excel yake amfani da shi, kamar na 2016 ko 2019, zai samu amsa iri ɗaya da wannan:

=IFERROR(INDEX(Biya!$A$2:$A$900,MATCH(H2,Biya!$H$2:$H$900,0)),"Babu")

Sifirin da ke ƙarshen MATCH shi ne ke cewa daidai kawai ake so. VLOOKUP ma yana yin aikin, amma yana da sharuɗɗa biyu: dole mabuɗin ya kasance a hagun abin da ake son ɗaukowa, kuma dole a rubuta FALSE a sashensa na ƙarshe. Na taɓa ganin jerin da aka kammala har aka buga shi, daga baya aka gano an manta da wannan kalma ɗaya, fomular kuwa ta yi ta liƙa wa waɗanda ba su biya ba kuɗin maƙwabtansu na layi ba tare da ta nuna alamar kuskure ko ɗaya ba. Abin da ya sa kuskuren ke da haɗari shi ne shafin yana fitowa tsaf, kowane gida a cike.

Duk waɗannan fomuloli suna tsayawa ne a kan layin farko da suka samu, saboda haka ba a ɗauko kuɗi da su idan akwai masu biya kashi-kashi. Don jimillar kuɗin kowane mamba a yi amfani da:

=SUMIF(Biya!$H$2:$H$900,H2,Biya!$D$2:$D$900)

Sannan a juya tambayar. A shafin Biya a rubuta fomula irin ta farko tana neman kowane mai biya a cikin Mambobi, domin binciken ɓangare ɗaya yana nuna mamban da bai biya ba ne kawai, ba ya nuna kuɗin da ya shigo ba a san mai shi ba. Waɗanda suka fito da Babu a ɓangarorin biyu su ne ragowar aiki, kuma ana iya fitar da su zuwa sabon shafi da fomula irin =FILTER(Mambobi!A2:H900,Mambobi!I2:I900="Babu"), ko a tace su da matatar da ke saman ginshiƙi a kwafe su.

Mataki na shida: sunaye masu kama da juna

Ragowar nan yawanci iri uku ce: waɗanda da gaske ba su biya ba, waɗanda aka yi kuskuren alƙalami a lambarsu, da waɗanda aka rubuta sunansu da wata siffa. Muhammad yana zuwa a matsayin Mohammed ko Muhammed ko Mamman, Khadija ta zama Hadiza ko Dije, Abubakar ya zama Garba ko Habu ko Bukar, wanda ya yi makaranta a Maraɗi ko Damagaram kuma ya rubuta Mahamadou da Oumarou da Aïchatou bisa ƙa'idar Faransanci.

Excel na Microsoft 365 a kan Windows yana da kayan aikin da ke taimakawa a nan, a cikin Power Query. Bayan an mayar da jerin biyu tebur an shigar da su, sai a zaɓi "Merge Queries", a nuna ginshiƙin suna a kowanne, a kunna zaɓin "Use fuzzy matching to perform the merge". Akwai ma'aunin kamanni daga 0 zuwa 1, wanda yake kan 0.8 idan ba a taɓa shi ba. Yana kama bambancin harafi ɗaya ko biyu, amma bai san cewa Garba Abubakar ne ba, domin haruffansu ba su yi kama ba; wannan sai an ba shi teburin musaya mai ginshiƙai biyu masu suna "From" da "To", inda aka jera kowace inkiya da asalin sunanta. Rage ma'aunin ƙasa da 0.8 yana ƙara yawan waɗanda aka haɗa, amma yana fara aurar da Hassan da Hussaini, waɗanda galibi tagwaye ne, wato mutum biyu.

Akwai kuma batun juya suna. Ana iya jera kalmomin kowane suna bisa tsarin haruffa domin wanda aka fara da sunan mahaifinsa ya haɗu da kansa, a Google Sheets da =TEXTJOIN(" ",TRUE,SORT(TRANSPOSE(SPLIT(E2," ")))). Sai dai a yi hattara, domin a al'adarmu suna na biyu na uba ne kuma ana yawan sa wa yaro sunan kakansa, ta yadda Musa Ibrahim da Ibrahim Musa suna iya zama uba da ɗa a gida ɗaya, a ƙungiya ɗaya, har ma da lambar waya ɗaya.

Mataki na bakwai: shigo da ƙirƙirarriyar basira

Manhajoji irin su ChatGPT, Claude, Gemini da Copilot suna da amfani a wurare uku. Suna rubuta fomula idan aka bayyana musu tsarin ginshiƙai da irin Excel ɗin da ake da shi, suna bayyana dalilin kuskure irin #N/A, kuma suna iya ba da shawarar waɗanne sunaye ne daga ragowar suka yi kama da na mutum ɗaya. Abin da bai kamata ba shi ne a zuba musu jerin ɗaruruwan layuka a ce su haɗa, domin suna iya tsallake layi, su sauya rubutun suna, ko su kawo layin da babu shi, kuma amsar yau ba lallai ta zo daidai da ta gobe ba. Fomula kuwa kullum amsa ɗaya take bayarwa, kuma kowa na iya bin sawunta.

Kafin a tura komai, a cire lambar waya, NIN, BVN da lambar asusun banki. Bayanan nan amana ce, kuma a Najeriya dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin yadda ake sarrafa su. Abin da za a tura bai wuce lambar jeri da suna ba, sai ƙauye idan shafukan biyu suna da shi, kuma idan ma'aikata ce, a fara tabbatar da cewa ƙa'idarta ta yarda a fitar da ko da sunayen. A tura su kaɗan-kaɗan, kamar layi hamsin daga kowane ɓangare, da umarni bayyananne kamar haka:

"Ga jeri biyu na sunayen Hausawa, kowane suna da lambarsa. Ka nemo waɗanda ake kyautata zaton mutum ɗaya ne, kana la'akari da inkiya da bambancin rubutun Turanci da na Faransanci. Ka fitar da tebur mai ɗauke da lambar jerin farko, lambar jeri na biyu, ƙarfin zato, da dalili a taƙaice. Kada ka ƙara suna, kada ka gyara rubutu, kuma inda babu wanda ya dace ka rubuta babu. Idan suna ɗaya ya dace da mutum fiye da ɗaya, ka kawo su duka."

Ginshiƙin dalili shi ne mafi amfani, domin da shi ake gane ko manhajar ta fahimci cewa Binta da Fatima suna ɗaya ne, ko kuwa kamannin haruffa ne kawai ya ruɗe ta. Inkiyoyin da ta kawo kuma ba a karɓarsu ido rufe, saboda wasu sun bambanta daga gari zuwa gari, kuma akwai wanda Garba shi ne sunan da ke katinsa.

Mataki na takwas: tantance shawarwarin da rufe lissafi

A kwafo teburin zuwa sabon shafi, a fara binciken manhajar da fomula. A yi amfani da COUNTIF a tabbatar kowace lambar jeri da ta ambata tana cikin ragowar da aka tura mata, kuma ba a ba mutum biyu biya ɗaya ba. Sannan a ɗauko lambobin wayar ɓangarorin biyu da XLOOKUP a ajiye su kusa da juna. Idan bambancinsu alƙalami ɗaya ne ko biyu da suka yi musayar wuri, hujja ta yi ƙarfi. Idan lambobin ba su da alaƙa, suna kaɗai bai isa ba, sai a duba rasit, a kira mutumin, ko a tambayi wakilin ƙauyensu. Akwai kuma kuɗin da babu wata manhaja da za ta gano mai shi, wato wanda aka turo ta hannun mai POS, sunan mai shagon ya fito a madadin na manomin. Wannan sai takardar shaidar da ke hannun mai biya.

A buɗe ginshiƙi na ƙarshe a rubuta yadda aka tabbatar da kowane layi, ko da fomula, ko da rasit, ko da kiran waya, tare da sunan wanda ya tabbatar da ranar. Daga nan a rufe lissafi ta fuska biyu. Adadin waɗanda aka haɗa da na waɗanda ba a haɗa ba dole su tashi daidai da yawan layukan kowane shafi, kuma jimillar kuɗin da aka rataya wa mambobi, idan aka ƙara mata kuɗin da ba a gano masu shi ba, dole ta yi daidai da jimillar ginshiƙin D na shafin Biya har zuwa naira ta ƙarshe. Idan akwai giɓi, mafi yawan lokaci layi ɗaya ne aka ƙirga sau biyu; kuɗin da aka shigar a matsayin rubutu kuwa fomulolin jimilla duka suna tsallake shi, don haka a duba shi daban.

Idan lissafi ya rufu, a kwafi sakamakon a liƙa shi a matsayin ƙima zalla ta hanyar "Paste Special" da zaɓin "Values", domin kada ya sauya idan wani ya sake tsara shafin daga baya. Lambobin M1, M2 da aka sa tun farko kuma a mayar da su lambobin zama mamba na dindindin, a rubuta wa kowa tasa a katinsa, a kuma ƙara ginshiƙinta a littafin ma'aji kafin a fara karɓar kuɗin daminar gaba.